Zanen Gadon Deolinda

Lisbon, 9 ga Afrilu

Ondina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da 'yar taki, wadda sai a takardarki na ji sunanta Inês, kuma wai har ta shekara tara. Ni ina nan da rai. Gwiwar hagu ta ƙi lanƙwasuwa tun sanyin bara, likita ya hana ni gishiri, matakalar gidan nan kuma har yanzu hamsin da biyu ce, ba a rage ko ɗaya ba.

Sau uku na karanta takardarki. Karon farko na ji daɗi, don na ga rubutun 'yar Celeste, 'yar'uwar matata Deolinda, bayan shekara ashirin da biyu. Karo na biyu na lura gaisuwar layi huɗu ce, buƙatar kuwa shafi biyu. Na ukun don in tabbatar ba idona ke yi mini wasa ba.

In na fahimce ki, kamfaninku na Geneva yana kawo attajirai yawon buɗe ido. Kuna kwantar da su a tsofaffin fadoji, kuna buɗe musu gidan tarihi bayan an kori kowa. Yanzu kuma kuna so mutum shida su tsaya a tagata ran sha uku ga Yuni, su kalli zagayen Waliyyi Antoniyo, in an fito da mutum-mutuminsa daga coci ana bin lunguna da shi. Kin ce suna neman "abu na ainihi". Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da tarihi da harshen Latin, ban san ƙarshena in zama abu na ainihi ba, a zo a leƙa ni tsakanin abincin rana da na dare.

Kin san me ya sa tagata ta yi daraja? Don irin baƙinku sun cinye sauran. Gida sha huɗu ne a lungun nan, duk kin san masu su. Yau ba kowa sai ni da Dona Graciete ta ƙasan bene, wadda ke fuskantar ƙofata. Sauran duk sun koma masaukin 'yan yawon buɗe ido, an manna wa ƙofofinsu akwatin makulli mai lambobi, daga safe zuwa yamma ba ka jin komai sai tayoyin jakunkuna suna gurzar dutse. Inda muke sayen burodi yanzu kifin gwangwani ake sayarwa, gwangwanin ya fi kifin tsada.

Na karanta wa Dona Graciete takardar. Ta ce, "Karɓi mana, Malam! Ko ba komai wani zai shiga ɗakinka ban da likita." Na ce ita ma ta sayar musu da haƙoranta, ai na tarihi ne. Ta ce uku suka rage, kuma ta yi musu alkawarin kabari ɗaya da ita.

Da na ƙi. Abin da ya hana ni layin ƙarshe ne, inda kika ce ke da kanki za ki zo da su. To, na yarda, bisa sharaɗi biyu. Na ɗaya, kada a miƙo mini ko sisi, ni ba mai gidan kallo ba ne. Na biyu ya fi.

Kin tuna zanen gadon Deolinda, na alharini, mai tsuntsu a tsakiya, wanda kakarta ta yi wa aiki da hannu? Kina shekara bakwai kika riƙe gefensa a tagar nan. A da duk gidan da waliyyi zai wuce ta ƙarƙashinsa sai ya rataya zanen gadonsa mafi kyau, in an wuce a mayar da shi kan gado a ranar. Yanzu nawa kaɗai ya rage a lungun. Kin san ban yarda da waliyyai ba. Amma kwana biyu kafin Deolinda ta cika, ta kama hannuna ta ce, "Baltazar, na san ba ka yarda da komai ba sai littattafanka. Ban ce ka yi addu'a ba. Ka dai rataya." Shekara sha tara ke nan ban tsallake ko ɗaya ba.

Ni zan rataya shi da hannuna. Kada kowa ya taɓa shi.

Kawunki,
Baltazar Quintela

Geneva, 22 ga Afrilu

Kawu Baltazar,

Na gode, na gode ƙwarai! Muna lafiya, Inês tana gaishe ka. Allah ya sauwaƙe gwiwar, ka riƙa shafa mata mai.

Na yi dariya har da hawaye kan haƙoran Dona Graciete. Ashe tana nan! Ka gaishe ta, ka ce ni ce wadda ta fasa mata tukunyar ɗoɗɗoya.

Maganar zanen ta taɓa kowa a ofis. Shugabarmu ta ce shi ne ma zuciyar abin, har mun sa wa shirin suna "Taga ta Ƙarshe". Na rubuta wa abokan aikinmu na Lisbon cewa ko me za a yi, lallai a ga zane a taga lokacin da waliyyi zai wuce. Ka kwantar da hankalinka. Wani mai suna Duarte zai zo da abinci da masu hidima da tsakar rana, ba sai ka ɗaga ko cokali ba. Baƙin masu kirki ne, mata da miji uku.

Don Allah, Kawu, ka sa waya a gidan nan. Wa yake rubuta takarda a zamanin nan?

Sai na zo,
Ondina

Geneva, 8 ga Yuni

Kawu,

Ina fata kana lafiya, gwiwa kuma ta yi sauƙi. Mu ƙalau.

Ban san yadda zan faɗa ba. Ba zan samu zuwa ba. An tura ni Vienna a makon nan, wani babban baƙo ya hayi fada guda don bikin 'yarsa, kuma ya ce ni yake so. Na yi gardama, aka nuna mini ƙofa da ido. Inês ta yi kuka, don har ta haɗa jakarta.

Ban so ka ji daga bakin wanda ba ka sani ba, shi ya sa ban ba Duarte saƙon ba, na rubuto da hannuna. Na sa a akwatin gaggawa, an ce kwana uku. Ka yi haƙuri. Komai zai tafi daidai, na tabbatar.

Taka,
Ondina

Lisbon, 14 ga Yuni

Ondina,

Ina gaishe ki, don an koya mini fara takarda da gaisuwa. Ban san ko kina lafiya ba, ban san ko kina raye ba, tun Afrilu ban ji daga gare ki ba. Ni dai gwiwar ta kumbura ta yi kamar kabewa. Bari ki ji dalili.

Duarte ɗinku ya iso da tsakar rana, ƙamshin turarensa ya riga shi hawowa. Da shi da masu hidima biyu sanye da farar safar hannu, da ƙanƙara, da dogayen kofuna. Suka ture teburin karatuna, suka jawo na cin abinci gaban taga. Baƙin suka hawo suna haki, suna ɗaukar hoton bangona da ya tsage.

Ƙarfe uku na fito da zanen. Na rataya shi yadda na saba, na danne gefensa da ƙamus ɗina na Latin, juzu'i biyu, ɗaya kowane ɓangare. Sannan na tambayi Duarte, "Ina Ondina?" Ya ce, "Wace Ondina?" Na ce wadda ta aiko ka. Ya duba wayarsa ya ce, "Ni dai takardar aiki aka ba ni, Malam."

Sai na ce a raina, yarinyar nan daga filin jirgi take, mota ba ta shiga lungunmu, gari ya cika, shekara ashirin da biyu rabonta da nan, ga ta da 'ya. Za ta ɓata. Na sa kwat, na ɗaura lakatayi, na ce wa Duarte kada a taɓa tagar, ya ce, "Ba damuwa, Malam." Na sauka matakala hamsin da biyu, na gangara har dandalin babban coci inda motoci ke tsayawa.

Awa biyu na tsaya a rana. Duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Wata mata ta fito da yarinya a hannu, na je na ce, "Ondina?" Ta matse jakarta a ƙirji ta ja 'yarta. Ni, Baltazar Quintela, aka yi wa kallon ɓarawo a ƙofar cocin da aka ɗaura mini aure.

Ƙarfe biyar aka buga ƙararrawa, aka fito da waliyyi. Kafin in juya jama'a sun toshe ko'ina. Hanya ɗaya ce zuwa gida, ita ce bayansa. Haka na bi zagayen, karo na farko a rayuwata, tsofaffin mata suna ɗiga mini kyandir a hannun kwat, 'yan badujala suna busa mini a ƙeya. Muka shigo lungunmu tare, ni da shi. Ya iso ƙarƙashin tagata, na ɗaga kai.

Ja ne, Ondina. Ja wur, sabo fil, da geza mai ruwan zinariya, ko layin ninkin leda bai sake shi ba. A samansa kawuna shida, kowa da kofi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Dona Graciete tana bakin ƙofarta, ta hango ni ta ɗaga murya, "Malam, sabon aure ka yi ba ka gaya mana ba?" Sai ta ga fuskata, ta kama bakinta. Waliyyi ya wuce ƙarƙashin tsumman kanti.

Ban san yadda na hau benen ba. Na tarar da zanen Deolinda a kan tebur. An jera masa gasasshen kifi da burodi da zaitun. A kan tsuntsun akwai da'irar jan ruwan inabi, inda wani ya ajiye kwalba. Mai ya malale daidai facin da Deolinda ta yi da hannunta shekarar da muka yi aure. Ƙamus ɗina kuwa, an ɗora masa bokitin ƙanƙara.

Duarte ya zo yana murmushi. "Malam, naka ya koɗe, ba ya fita a hoto. Takardata ta ce a ga zane a taga, ga shi an gani. Naka kuma mun ba shi wuri na musamman, baƙi sun yaba ƙwarai." Ɗaya daga cikin matan ta shafa shi da yatsun da ta ci kifi da su, ta tambaya da Ingilishi ko na sayarwa ne.

Na iya Ingilishi. Amma da Latin na ba ta amsa, don akwai zagin da harshenmu ya yi wa kaɗan. Na zage ta, na zagi mijinta, na zagi jirgin da ya kawo su da ƙasar da ta haife su. Da na yi shiru don in ja numfashi, kin san abin da suka yi? Tafi suka yi. Sun zaci yana cikin shirin.

Na kwashe farantan ɗaya bayan ɗaya na jera su a matakala. Na buɗe ƙofa na tsaya. A nan suka gane.

"A ga zane a taga." Na ɗauko takardarki ta Afrilu, na ga kalmomin da hannunki. Na ce miki kada kowa ya taɓa shi, ke abin da kika ji shi ne ana bukatar ƙyalle. Ɗaliban da na kayar a jarrabawa sun fi ki karatu. Kin sayar da tagata, kin sayar da matata, sannan ko zuwa karɓar tafin ba ki yi ba.

Jiya gadon ya kwana tsirara. Shekara sha tara, sai da kika tuna da ni.

B. Quintela

Geneva, 30 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ka. Ina fata kumburin ya saɓe. Ni ban da lafiyar kirki tun da na karanta takardarka.

Laifina ne. Ba na Duarte ba, nawa. Ka rubuta abu ɗaya, na mayar da shi layin takardar aiki, don haka na saba yi da komai. Kuma da na ba shi saƙon cewa ba zan zo ba, da ba ka sauka ba. Kunya ce ta hana ni, na fake da cewa girmamawa ce. Na sa an cire hotunan, na kuma gaya wa shugabarmu babu "Taga ta Ƙarshe" baɗi. Ba ta yi mini magana ba har yau. Akwai wata gwanar gyaran tsofaffin tufafi a Lisbon, na roƙe ta ta zo ta duba zanen.

Amma tunda ana faɗin gaskiya, Kawu, ni ma ka ji tawa. Ka ce shekara ashirin da biyu ban rubuto ba. Kai fa? Da Mama ta rasu a nan, kati ka aiko mai layi ɗaya, da Latin. Sai da na nemi wanda zai fassara mini ta'aziyyar uwata. Ba mu bar Lisbon don mun ƙi waliyyi ba, mun bar ta don babu abin sawa a tukunya. Tun ina shekara sha shida nake gyara gadajen otal tare da ita, kai kana sama kana karatu. Kana ganin na sayar da garinmu. Wataƙila. Amma aikin nan ne kaɗai ya ba ni damar faɗin sunan lungunmu da bakina kullum, ko da ga wanda bai iya maimaita shi ba.

Kuma ban manta zanen ba. Iska ta kusa fizge shi a hannuna ranar, Inna Deolinda ta mintsine ni a kafaɗa ta ce, "Riƙe da kyau, 'yar nema, kada ki ba mu kunya gaban waliyyi." Har yau in na shimfiɗa gado sai na ji wurin.

Ka zage ni in kana so, amma da harshen da zan gane.

Ondina

Lisbon, 3 ga Oktoba

Ondina,

Gaisuwa, ke da Inês. Ina fata makaranta tana tafiya. Gwiwa ta saɓe, yanzu ƙirji ne ya karɓi aikin, likita ya ƙara ƙwaya biyu. Dona Graciete ta rasa haƙori ɗaya, ta adana shi a kofi.

Shirun wata uku da gangan na yi, kada ki ɗora wa gidan waya. Su nasu laifin daban. Takardarki ta takwas ga Yuni ta iso ran sha shida, bayan ma'aikatansu sun gama hutun bukukuwa. Na karanta "komai zai tafi daidai" ina zaune gaban tabon.

Gwanar taki ta zo. Ta sa safar hannu, ta duba da gilashi, ta ce in ba ta shi wata shida. Na ce na ga abin da masu safar hannu ke yi. Na raka ta bakin matakala.

Ga abin da na yi. Tunda waliyyi bai wuce ta gaban zanen ba, na ce zanen ya wuce ta gabansa. Na ninke shi na kai shi cocinsa da safe, na ware shi a hannuwana, na zagaya mutum-mutumin sau uku ina ɗingishi. Mai kula da cocin ya taho da gudu, ashe tsohon ɗalibina ne, Albano, wanda bai taɓa cin Latin ba. Ya ce, "Malam! Ba kai ne kake ce mana duk wannan tatsuniya ce ba?" Na ce, "Har gobe tatsuniya ce. Matsa, kana tare mini hanya." Ya matsa, har ya riƙe mini gefe ɗaya a zagaye na uku. Ban sani ba ko Deolinda za ta karɓi wannan. Na san dai da ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Maganar katin uwarki, gaskiyarki. Na rubuta shi sau biyar da harshenmu, ya ƙi, sai na ɓuya a bayan Latin. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Kada ki ɗauka na huce. Ban huce ba. Amma akwai abin da ban rubuta miki a Afrilu ba, kuma haƙƙinki ne. Maganar Deolinda ba a "ka dai rataya" ta tsaya ba. Ta ce, "Ba mu haihu ba, Baltazar. Ran da 'yar Celeste ta dawo, ka sa ta riƙe shi a taga har waliyyi ya wuce, daga nan ya zama nata. Haka uwata ta ba ni. Ba a aika shi, ba a miƙa shi a ninke." Abin da ya sa na yarda da attajiranki ke nan, shi ya sa na sa lakatayi, shi ya sa na sauka. Niyyata in kin hawo in ɗauke ƙamus ɗin nan biyu in ce miki, riƙe.

To, ga yadda za a yi. Ran sha uku ga Yuni mai zuwa zan rataya shi da tabonsa, tabon yana kallon titi, duk mai ido ya gani. Ƙofa a kulle. Ba zan sauka jiran kowa ba. In kin zo, ke da yarinyar kaɗai, kin san lungun, matakala hamsin da biyu ce, ki ƙwanƙwasa da ƙarfi don kunnen dama ya yi nauyi. In ba ki zo ba, na riga na gaya wa Dona Graciete a naɗe ni da shi ran da za a fitar da ni. Ta ce ta ji, amma in yi hanzari tun tana iya hawa bene.

Kada ki rubuto ki ce za ki zo. Na riga na ga abin da takarda ke iyawa.

Kawunki,
Baltazar